Akwatin da Aka Ɗora a Kan Kwabar Inna

Shekara bakwai ke nan da aka kai Habibu makwancinsa. Ni ce yayarsa, ni yake bi. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na dafa, na raba, amma shirun ya gagare ni. Maganar auren 'yarsa Nafisa ce ta nuna mini cewa har yau akwai gidaje a unguwarmu ta New Bell da idan aka ambaci ƙanena, abin da ke biyo baya shi ne, ai shi ne wanda ya ɗauke injin kamfani ya kai gidan uwarsa. Mutumin da ya san ba haka aka yi ba yana nan da ransa da lafiyarsa, kuma a tsakar gidanmu ya girma.

Wanda bai san Habibu ba, bari in kwatanta masa shi. Mutum ne da bai taɓa yarda da abu guda ɗaya ba. Makullinsa biyu, wayarsa biyu a kan layi daban-daban, ko fitila ya je saye sai ya dawo da biyu. Idan ka tambaye shi dalili, sai ya ce to idan ɗayar ta mutu fa? Mun sha tsokanarsa cewa a kan matarsa Ramatu ne kaɗai wannan ɗabi'a ba ta yi aiki ba, shi kuma ya yi dariya ya ce ita ba ta lalacewa. A nan Duwala aka haife mu duka, makarantar Faransanci muka yi, shi ya zarce ya karanci kwamfuta, ni na tsaya a aikin sakatariya.

Mamudu kuwa ɗan maƙwabta ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, mahaifinsa direban babbar mota ne da ba ya zama, sai Innarmu ta ja shi jiki. Kwano ɗaya suke ci da Habibu, tabarma ɗaya, bulala ɗaya idan sun yi ɓarna. Ni Yaya yake ce mini, har gobe. Allah ya ba shi baki da idon kasuwa, da ya girma sai ya buɗe kamfanin dakon kaya. Yana karɓar kayan 'yan kasuwa daga tashar jirgin ruwa da kasuwanni, ya tara su a wani babban sito a unguwar Yassa can bakin gari, daga nan a loda wa manyan motoci su yi arewa, Garwa, Marwa, har Kusiri. Da harka ta fi ƙarfinsa sai ya zo ya zauna gaban Inna ya roƙi a ba shi Habibu. Habibu ya ajiye aiki mai kyau ya bi shi. Ni ma na bi su, na zama mai buga takardun kaya a ofis.

A lokacin kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da komai: kayan wane ne, buhu nawa, a wace mota, za a sauke a ina. Ranar da ta yi gardama, ko aka ɗauke wuta ta ƙi tashi, motoci sukan yi layi a Yassa, 'yan kasuwa su cika mana ofis. Mutanen Kano da Sakkwato da ke kasuwanninmu ba sa wasa da kayansu, kuma ni ce ke zaune a bakin ƙofa, ni nake fara shan faɗan. Habibu ya kalli wannan wata biyu ya ce ba za a ci gaba a haka ba.

Abin da ya gina, zan faɗe shi yadda ya fahimtar da ni, yana cin wake da soyayyar ayaba a kan teburina, domin ba ni da wata hanyar faɗarsa. Ya sa aka sayo manyan injuna biyu, waɗanda su 'yan sana'ar ke kira serveur, ɗaya a ofis, ɗaya a Yassa. A cikin kowanne akwai wasu kwamfutoci da ba su da gangar jiki, ba ka iya taɓa su, amma kowace tana aikinta: wannan ta takardun kaya, wannan ta lissafin abin da ke sito, wannan ta tura wa 'yan kasuwa saƙo a waya. Ya ce in ɗauke su kamar 'yan haya. Idan gidan da suke ciki ya rushe, nan take sai su farka a ɗaya gidan su ci gaba da aiki, wanda ke gaban allo ba zai ma san an yi ƙaura ba. Don haka duk abin da injin ofis ya rubuta, na Yassa yana kwafa, kuma dukansu biyu ba sa daina kiran juna ta waya suna tambaya, kana nan? Ina nan.

Na ce to ai shi ke nan, magana ta ƙare. Ya ce a'a, yanzu ta fara. Idan wayar da ke tsakaninsu ce ta tsinke, alhali duka biyun lafiyarsu lau, kowanne zai ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, kowanne ya ce shi ne mai gida yanzu. Na ofis ya rubuta nasa, na Yassa ya rubuta nasa, in an dawo an haɗa babu mai iya cewa ga na gaskiya. Ya ce wannan ya fi mutuwar inji muni, domin inji idan ya mutu ka san ya mutu. Maganinsa shi ne na uku, wani ɗan ƙaramin akwati da ba ya aikin komai sai raba gardama. Idan biyun suka daina jin juna, wanda yake iya jin akwatin shi ke ci gaba, ɗayan ya naɗe hannu ya jira. Amma dole akwatin ya zauna a wani wuri na daban, da wutarsa daban, da layinsa daban.

A nan Mamudu ya tsuke fuska. Bai ga dalilin kama hayar wuri na uku saboda abin da bai kai burodi girma ba. Shi ne, da bakinsa, ya ce me zai hana a kai shi ɗakin Inna. Shi ne ya ɗauko shi a motarsa ranar wata Lahadi, shi ne ya taka kujera ya ɗora shi a saman kwabar Inna saboda ruwan da ke shigo mana da damina, Habibu yana miƙa masa waya da batir. Ina tsaye a bakin ƙofa. Da suka gama Habibu ya ce a rubuta a takarda cewa akwatin na kamfani ne, an ajiye shi a nan da sanin mai kamfani, su sa hannu. Mamudu ya sauko daga kujerar ya dube shi.

"Takarda? Tsakanina da kai, Habibu? A ɗakin Inna?"

Inna ta karɓe zancen. Ta yi wa Habibu tatas, ta ce boko ya lalata masa kai, wanda kuka ci kwano ɗaya ba a sa shi ya dangwala hannu kamar baƙo, kada ta ƙara jin wannan magana a gidanta. Habibu ya ba da haƙuri. Haka aka rene mu a unguwar nan, a ofis muna rubuta komai da Faransanci har da hatimi, amma tsakanin na gida neman takarda zagi ne. Ba a rubuta komai ba.

Akwatin ya zama ɗan gida. Inna tana kiransa baƙon Habibu. Takan rufa masa ƙyalle mai ado don kada ya yi ƙura, Habibu ya zo ya yaye ya ce zafi zai kashe shi, ya juya baya ta sake rufawa. Ko jikokinta ba ta bari su matsa kusa da wayarsa. Duk wanda ya shigo gaishe ta ya ga 'yar koriyar wutar tana ƙyaftawa ya tambaya, sai ta ce na su Mamudu ne, aiki yake yi.

Kada wani ya ɗauka abin ya tafi daidai tun farko. Akwai lokacin da kullum da la'asar injunan biyu sukan ɗauka juna sun mutu, 'yan hayar su yi ta ƙaura ba gaira ba dalili, allona ya tsaya cak ina tsakiyar buga takarda. Habibu ya rame a kan wannan. Ya canza waya, ya canza na'urar da ke haɗa su, ya zargi masu ba da layi har suka daina ɗaukar kiransa. Daga baya ya gano cewa a daidai lokacin ne ake kwafe ajiyar ranar daga ofis zuwa Yassa, hanyar ta cushe, kiran nan na kana nan ya maƙale a bayan kaya kamar benskin, wato babur ɗin haya, a cunkoson mahaɗar Ndokoti, kafin ya iso an riga an yanke cewa mai kiran ya mutu. Ya ware wa kiran hanyarsa ta kansa, abin ya kwanta. Ranar ya saya wa duk ofis gasasshen kifi.

Sai kuma al'adarsa da ta sa aka san shi. Asabar ɗin farkon kowane wata, da hantsi, ofis a cike, Habibu zai shiga ɗakin inji ya fizge wayar wutar babban injin da hannunsa. Da gangan. Ya ce abin da ba ka taɓa gwadawa ba, ba ka da shi, zato kawai kake yi. Mamudu yakan fita waje don ba ya iya kallo. 'Yan kasuwa kuwa har suka mayar da abin kallo, suna ce masa Malam Cire-waya, wani dattijo mai sayar da atamfa yakan zo musamman ya tsaya a bayana ya ga ko allon zai mutu. Allon yakan ɗan yi jim, sai ya dawo. Wata damina ruwa ya shiga ofis har ya kai gwiwa, injin ofis ya sha ruwa, amma a Yassa aka ci gaba da lodi babu wanda ya sani. Mamudu ya yi wata guda yana ba da labarin a duk inda ya zauna, yana cewa ƙanena ne ya yi, ɗan New Bell.

Habibu ya rasu a hanyar Yawunde, wajen unguwar da ake kira Village, yana dawowa daga Yassa a bayan benskin da rana tsaka. Babbar mota ce. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Mamudu ya yi kuka a wurin zaman makoki kamar ransa zai fita, kuma ban taɓa cewa kukan ƙarya ba ne. Ina ganin har zuciyarsa yake yi, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Bayan sadakar arba'in Mamudu ya ɗauki wani ma'aikaci na kwangila da ke zuwa jefi-jefi. Mutumin ya duba ya ce layin da ake biya na gidan Inna asara ne. Mamudu ya zo ya taka kujerar nan ya sauko da akwatin. Inna ta ce Habibu ya ce kada a kashe shi. Ya durƙusa ya ce mata an zo da sabon tsari, ta kwantar da hankalinta. Daga ranar wani jan rubutu ya fara fitowa a allon ɗakin inji yana gargaɗi, sai aka rufe masa baki. Gwajin Asabar kuwa ya bi mai shi.

An yi watanni lafiya. Sai masu gyaran titi suka tsinke wayar da ke tsakanin ofis da Yassa. Injunan biyu suka nemi mai raba gardama ba su same shi ba, sai duka suka tsaya, yadda Habibu ya tsara musu, domin gara tsayawa da ɓarna. Rabin yini babu aiki. Mamudu ya yi ta faɗa kamar zai ari baki, ya ce wa ɗan kwangilar ya cire wannan doka, kowane inji ya ci gaba da aiki ko ya ji ɗan'uwansa ko bai ji ba. Na shiga ofishinsa na faɗa masa abin da Habibu ya faɗa mini a kan teburina, na ce a mayar da akwatin. Ya ce in riƙe takarduna in bar musu injuna.

Karo na biyu ana gab da babbar Sallah, lokacin da sito ya fi cika. Wayar ta sake tsinkewa, wannan karon ta kwana biyu. Babu allon da ya tsaya, don haka babu wanda ya san akwai matsala. Ni ina ofis ina ba da gurbi a mota, su a Yassa suna ba wani gurbin nan. Ina rubuta kayan wane za su Garwa, can an riga an tura su Kusiri. Aka saki kayan wani ga wani. Da aka gyara wayar, injunan suka haɗu kowanne da nasa labarin, ɗaya ya hau kan ɗaya. Wasu kayan an gano su bayan Sallah ta wuce, wasu har yau. Akwai wanda jarinsa kaf yana cikin motocin nan.

'Yan kasuwa suka kai ƙara gaban dattawan unguwa, aka yi zama a harabar masallaci bayan la'asar. An kira ni saboda ni ke buga takardun, na zauna can gefe. Mamudu ya miƙe. Ya ce marigayi ne ya gina tsarin shi kaɗai, babu wanda ya san cikinsa sai shi. Ya ce kamfani ya sayi injuna uku, amma biyu ne suke cikin kamfani. Ya ce na ukun, bayan rasuwa, a gidan mahaifiyar marigayi ya je ya ɗauko shi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ba ya son ya ƙara a kan haka, saboda wanda ya riga mu gidan gaskiya ba a tona shi.

Ku duba da kyau. Babu jimla ɗaya a ciki da za ka kama ka ce ƙarya ce. Bai ce Habibu ya yi sata ba, ya jera maganar ne ya koma gefe, mutane suka ƙarasa masa da kansu. Na ji wurin ya ɗauki salati. Na miƙe na faɗi komai: wanda ya kawo shawarar, wanda ya taka kujera, abin da akwatin yake yi, da wanda ya sa aka cire dokar. Wani dattijo ya bari na gama, sannan ya ce cikin taushin murya ai dole 'yar'uwa ta kare ɗan'uwanta, babu mai ganin laifina. Ya tambaya ko akwai wata takarda. Na dubi Mamudu, yana kallon tabarma.

Kamfani ya tsira. 'Yan kasuwa suka tausaya wa Mamudu, mutumin da amininsa ya ci amanarsa, suka yi masa sassauci, da yawansu ma suka ci gaba da ba shi kaya. Ni ban sake taka ofishin ba. Inna ta ji labari daga bakin matan da suka zo yi mata jaje, jaje a kan abin da ɗanta bai yi ba. Ta ce a kai ta gaban dattawan, amma ƙafafunta sun riga sun daina ɗaukarta, kuma su sun ce magana ta mutu kada a tayar. Ba ta ƙara shekara ba ta bi Habibu. Tun daga ranar zaman har ta rasu ban ji sunan Mamudu a bakinta ba, ko da alheri ko da sharri.

Nakan zauna in yi tunanin me Habibu zai ce da ya ga yau. Na ji an ce yanzu kamfanoni ba sa ajiye injuna a ɗakunansu, haya suke kamawa a injunan wasu ƙasashe da ba su taɓa gani ba, ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa yana ganin inda motarsa ta kai a waya. Na san zai ji daɗi, na kuma san ba zai yi minti biyar ba sai ya tambaya, to idan wancan ya mutu fa, kuma wa ya taɓa cire wayar ya gani? Zai tarar da ruwa yana shiga gidajenmu kamar yadda ya bari, benskin sun ninka, hanyar da ta ci shi tana nan tana cin wasu. Zai ga Nafisa, da ya bari tana aji uku a sakandare, ta zama ma'aikaciyar jinya mai dogon wuya irin nasa. Abin da ya faru da injunan ba zai ba shi mamaki ba, shi ya faɗa tun kafin ya faru. Mamudu ne ban san yadda zai yi da shi ba. Habibu ya yi wa kowane abu na biyu, amma amini ɗaya ya yi.

Na ɗauka shekaru sun binne maganar. Sai bana wani yaron kirki daga unguwar Nylon ya fito neman Nafisa. Iyayensa 'yan kasuwa ne da suka zo daga Katsina ba da daɗewa ba, ba su san mu ba, suka yi abin da kowa ke yi, suka shiga bincike. Ranar da aka sa za su zo ta wuce ba su zo ba, aka sa wata ita ma ta wuce. Ramatu ta zo mini da idanu a kumbure ta ce an gaya musu uban yarinyar ya taɓa ɗauke kayan kamfani, har 'yan kasuwa suka yi asara ta dalilinsa. Nafisa ta daina cin abinci.

Na ɗauki mayafina na je wurin Mamudu. Ofishin ya koma bene, da mai gadi da na'urar sanyaya ɗaki. Ya taso da sauri ya tare ni, ya durƙusa har ƙasa, ya ce Yaya, yau ke ce a wurinmu. Ban zauna ba. Na ce masa ban zo tayar da tsohon zance a gaban 'yan kasuwa ba, mutum huɗu ko biyar ne kawai za su zauna a falonmu, ina so ya zo ya faɗa musu wanda ya ɗora akwatin a kan kwabar Inna. Ya rufe ƙofa. Ya daɗe yana juya waya a hannunsa.

"Yaya, ni na ɗora shi. Na sani, Allah ya sani. Ranar nan tsoro ne ya kama ni, na ga komai zai rushe. C'est compliqué, Yaya, abin da wuya. Amma zan zo. Wallahi zan zo in faɗa."

Ya ce kuma kayan ɗakin Nafisa duk a wuyansa. Na ce masa ya bar kayan ɗaki, uwarta da ni mun tanada, maganar kawai muke so.

Ya zo. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya zo da wuri, cikin farar shadda, ya zauna kusa da kawunmu wanda shi ne waliyyi. Ni da Ramatu muna ɗakin Inna, taga a buɗe, ana jin komai. Bayan gaishe-gaishe baffan yaron ya gyara murya. Mutum ne mai hankali, kuma na tabbata alheri ya nufa. Ya ce ba za su ɓoye ba, sun ji abin da suka ji game da mahaifin yarinyar, shi ya sa suka ɗan ja baya. Amma sun zauna sun duba, yarinya ba ta da laifi, kowa ya shaide ta, ba za su hukunta ta da abin da mahaifinta ya aikata ba. Suna so, sun karɓa. Shi kuma marigayi, ɗan Adam ne, Allah ya yafe masa.

Falon ya yi shiru. Ramatu ta damƙe mini hannu. Shirun ya yi tsawon da mutum zai iya faɗin abin da ya zo faɗa har ya maimaita. Ina jin ƙarar fanka, ina jin wani yana ajiye kofi. Sai kawunmu, da yake tsoron kada abin ya sake wargajewa, ya yi godiya, ya ce ga aminin marigayi nan, wanda suka tashi tare, shi ya fi cancanta ya rufe taro da addu'a.

Mamudu ya ɗaga hannu. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya roƙa wa yaran albarka da zuri'a ta gari. Sannan ya ce Allah ya jiƙan ɗan'uwansa Habibu, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba. Duk falon ya ce amin.

An sa ranar biki bayan damina. Zan yi girki, zan yi rawa idan gwiwa ta bari, domin yaron ba shi da laifi, iyayensa ma haka. Da baƙin suka watse Nafisa ta shigo ɗakin ta tsaya a kaina.

"Gwaggo, Baffa Mamudu ya faɗa musu?"

Na ce mata bai faɗa ba. Ta ce, to ke nan alfarma aka yi mini. Na jawo ta na zaunar da ita kusa da ni.

Injunan Habibu an daɗe da sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. Aikinsa babu abin da ya rage da za a nuna. Abin da ya rage shi ne 'yarsa, wadda za ta shiga gidan miji a matsayin wadda aka yi wa haƙuri da ubanta, sai ni da na gani da idona, kuma ga shi na rubuta, tunda takarda aka ce babu. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi wa Habibu addu'a, yana buƙata kamar yadda kowannenmu zai buƙata, yana da nasa kurakuran tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma wanda zai nema masa gafara a kan akwatin nan, ya riƙe addu'arsa. Akwai mai buƙatarta, yana nan da rai, kuma za ku gan shi a sahun gaba ranar ɗaurin aure.